BAYANI DALLA-DALLA: Motar da aka shigo da ita daga waje, daga kuɗin fito zuwa lamba da tsallaka iyaka

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Najeriya ba a ƙasar aka haɗa su ba. Sun yi rayuwarsu ta farko a Amurka, Kanada, Jamus ko Beljiyam, kafin su iso hannun dillalai a matsayin tokumbo. Mai saye yakan duba inji da giya da lafiyar jiki, amma abin da ya fi raba mutane da motocinsu a kan hanya takarda ce. Wannan bayani ya bi matakan da doka ta shimfiɗa, tun daga tashar jirgin ruwa har zuwa ranar da mai mota ya so fita da ita wata ƙasa.

Ta wace ƙofa motar ta shigo?

Wannan ita ce tambayar farko, domin sauran duka a kanta suka rataya. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa. Ƙofar da doka ta bari ita ce ta tashoshin ruwa, irin su Tin Can da Apapa a Legas, da Onne a Jihar Ribas.

Kafin haramcin, hanyar Kwatano ce ta shahara. Ana sauke mota a Jamhuriyar Benin, a hau da ita arewa ta Parakou da Malanville, a ƙetara kogin Kwara zuwa Gaya, sannan ta biyo ta Birnin Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram ta faɗo Najeriya ta Illela, Jibiya ko Maigatari. Haramcin bai kashe wannan hanya ba, sai dai ya mayar da ita hannun 'yan fasa-ƙwauri. Motar da ta biyo ta nan takan fi araha, kuma arahar tata ba ta rasa nasaba da kuɗin fiton da ba a biya ba.

Kuɗin fito

Hukumar Kwastam ce ke karɓar kuɗin fito. A shekarar 2022 ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar shasi, wato haruffa da alƙaluma 17 da kamfani ke buga wa kowace mota, maimakon ciniki tsakanin jami'i da ejan. Ejan-ejan na tashoshin Legas sun yi yajin aiki a kan tsarin, suna ƙorafin cewa ya tsawwala kuɗi. A wannan shekarar ce kuma aka sanya kashi 20 cikin ɗari a matsayin kuɗin fiton tsohuwar mota, tare da ƙarin harajin kashi 15 cikin ɗari, ban da harajin kayan masarufi na kashi 7.5. Waɗannan alƙaluma suna sauyawa da manufofin kuɗi na gwamnati, don haka wajibi ne mai shigo da mota ya tabbatar da na ranar da zai biya.

Akwai kuma abin da ya fi alƙaluman tasiri. Da dala ake lissafa darajar mota, sannan a juya ta zuwa naira. Tun da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, kuɗin fito ya yi tashin gwauron zabo ko da ba a taɓa kason harajin ba.

Motar da sitiyarinta ke hannun dama ba ta da gurbi a dokar hanya ta Najeriya. Ƙasar ta koma tuƙi a gefen dama na titi tun 2 ga Afrilu, 1972, shi ya sa motocin da aka ƙera don Ingila ko Japan ba su dace da titunanta ba.

Wa ke ɗaukar asara?

A nan ne lamarin ya zama na siyasa. Idan Kwastam ta tare mota a hanya ta gano ba a biya mata fito ba, ko an biya ƙasa da ƙima, motar ake riƙewa, kuma wanda ke asara shi ne mai ita na yanzu, ko da shi ne na uku ko na huɗu da ya saya. Wanda ya shigo da ita da wanda ya kau da kai ta wuce, sun daɗe da cin ribarsu.

A watan Maris na 2017 shugaban Kwastam na wancan lokaci, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya bai wa masu motoci wa'adi su je su biya fiton da ba a biya ba. Majalisar Dattawa ta ƙalubalanci matakin, aka dakatar da shi, amma taƙaddamar ta karkata zuwa batun ko zai bayyana a gaban sanatoci cikin kaki. Tambayar ko ya dace a ɗora wa mai saye laifin wani ta tsaya ba amsa. A 2024 hukumar ta sake buɗe ƙofa ta kwana 90 domin masu irin waɗannan motoci su gyara takardunsu.

Darasin a fili yake: kafin a biya kuɗin mota, a karɓi takardun Kwastam, a gwada lambar shasin da ke jikinsu da wadda ke jikin motar, sannan a kai su ofishin hukumar a tantance. Takardar bogi ba ta da wuyar bugawa.

Rajista da lamba

Bayan fito sai rajista, kuma wannan aikin jiha ne. Ofishin ba da lasisin motoci da ke ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha shi ke yin rajista ya ba da lamba, a bisa tsarin bai-ɗaya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke kula da shi. Takardun da mai mota zai riƙe su ne:

- takardar shaidar mallaka;
- lasisin mota, wanda ake sabuntawa;
- takardar shaidar lafiyar mota daga jami'an duba motoci;
- inshora;
- lasisin tuƙi na direba.

Mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta ita ce wadda ke biyan diyya ga wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiya kuma ta kai naira miliyan 3. 'Yan sanda sun fara tsananta binciken ta daga 1 ga Fabrairu, 2025. Inshorar da ake saya a bakin ofis a farashi mai rahusa sau da yawa takarda ce kawai, ranar haɗari babu mai biya.

Idan za a fita da motar wata ƙasa

Lambar Najeriya ba ta hana mota shiga maƙwabta. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba motar gida damar zama a wata ƙasar ƙungiyar har kwana 90, motar haya kuma kwana 15, muddin direba na da lasisi, takardar mallaka, inshora da takardar kwastam. A bakin iyaka ana karɓar izinin shiga na wucin gadi, wanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira lesefase. Izinin na ziyara ne. Wanda ya sayar da motar a can, ko ya zauna da ita bayan wa'adi, sai ya biya fiton wannan ƙasa ya yi sabuwar rajista.

Inshorar da ke aiki a ƙetaren iyaka ita ce katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a 1982. Kamaru da Chadi ba sa cikin ƙungiyar, suna da nasu katin mai ruwan hoda na ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Yana da kyau kuma direba ya tanadi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda ba ya maye gurbin na gida, tare ake nuna su.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta 'yancin zirga-zirgar 'yan waɗannan ƙasashe har sai an cim ma sabuwar matsaya. Ma'anar wannan ga mai tafiya Maraɗi daga Katsina, ko Ƙonni daga Sakkwato, ita ce abin da a da yarjejeniya ta tabbatar masa, yanzu ya dogara ne ga fahimtar juna tsakanin gwamnatoci. Kafin ya kama hanya, ya tambayi ofishin Kwastam na iyakar da zai bi da kamfanin inshorarsa ko takardun da ke hannunsa za su karɓu a ɗaya ɓangaren.