Diyyar Tsuntsayen Alaska

Da tsakar daren 24 ga watan Maris na 1989, jirgin dakon mai na kamfanin Exxon mai suna Exxon Valdez ya yi karo da dutse a ƙarƙashin ruwa, a mashigin Prince William da ke Jihar Alaska ta Amurka. Cikinsa ya tsage, ɗanyen mai wajen galan miliyan 11 ya kwarara teku, iska da igiyar ruwa suka yi ta tura shi har ya ɓata gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 2,000. Mai laifi dai an san shi. Abin da ya gagara shi ne faɗin girman ɓarnar. A wajenmu idan shanu suka faɗa gona, dattawa kan je su duba, su ƙiyasta dami nawa aka yi asara, makiyayi ya biya. To, tsuntsun teku fa, wanda ba shi da mai shi, ba a kuma taɓa kai shi kasuwa ba, wa zai yanke masa diyya?

Da ƙirgar mushe aka fara. Ma'aikata suka bi gaɓa suna tsinta, suka tara gawar tsuntsaye sama da 35,000 da ta karnukan ruwa kusan 1,000, aka adana su cikin ƙanƙara domin su zama shaida a kotu. Amma kowa ya san abin da ya fito gaɓa kaɗan ne, yawanci sun nutse ko namun daji sun cinye. Sai masana suka yi dabara. Suka sa wa matattun tsuntsaye alama suka zuba a teku, don su ga cikin ɗari nawa ruwa zai dawo da su. Da irin wannan lissafi aka kai ga ƙiyasin da aka fi yarda da shi, wato tsuntsayen teku kimanin 250,000 da karnukan ruwa 2,800.

Adadi ya samu, saura farashi, kuma a nan ne labarin ya ɗauki wani salo. Gwamnatin Alaska ta ɗauko masana tattalin arziki, cikinsu har da Richard Carson, suka shiga gidaje sama da 1,000 a sassan Amurka a 1991. Sukan nuna wa maigida hotunan wurin da na dabbobin, sannan su tambaye shi ko zai yarda ya biya wani haraji sau ɗaya tak domin a hana irin wannan haɗari sake aukuwa. Matsakaiciyar amsa ta tsaya kan dala 31. Da aka ninka ta da yawan gidajen ƙasar, sai ga dala biliyan 2.8. Mai karatu ya lura, akasarin waɗanda aka tambaya ba su taɓa taka Alaska ba. An auna ne darajar da mutum ke bai wa halitta don kawai ya san tana nan da rai.

Masanan da ke ɓangaren Exxon suka ce wannan kuɗin baki ne, wanda ba a ce ya zaro daga aljihu ba ai komai zai iya faɗa. Ni a ganina maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya, sai dai idan an jefar da wannan ma'auni, farashin da ya rage wa tsuntsun shi ne sifiri. Gardama ta yi zafi har hukuma ta kafa kwamiti ƙarƙashin Kenneth Arrow da Robert Solow, dukansu masu lambar Nobel, wanda a 1993 ya ce ana iya amfani da hanyar bisa tsauraran sharuɗɗa. Kafin nan, tun a 1991, Exxon ya riga ya sasanta da gwamnati kan dala miliyan 900 da zai biya cikin shekara goma, ban da tara.

Wani abu da ya raunana duk lissafin shi ne, yawancin halittun wurin ba a yi musu ƙidaya mai kyau kafin haɗarin ba, ga shi kuwa sai an san abin da ke rumbu jiya ake sanin abin da ɓarawo ya ɗiba. Shi ya sa da kifin herin ya ƙaranta ƙwarai a 1993, masana suka rabu, wasu na ɗora wa mai, wasu cuta da ƙarancin abinci.

Inda ƙidaya ta fito sarai shi ne kan orka, wasu manyan dabbobin teku masu shayarwa, masu baƙin baya da farin ƙirji. Tun 1984 masu bincike ke ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, suna gane kowace da tabon jikinta. Wani garke da ake kira AT1 yana da 22 kafin haɗarin, tara suka ɓace cikin shekara guda bayansa. A 2014 an bayyana cewa karnukan ruwa sun farfaɗo, amma shi wannan garke ba a sake ganin jariri a cikinsa ba.