Mandela da Afuwar Mai Iko

Sa'ad da labarin mutuwar Nelson Mandela ya bazu ranar 5 ga Disamba 2013, yana da shekara 95 a duniya, mai sauraron rediyo a Birnin Malam ko a kasuwar Jega yana da haƙƙin yin juyayi, domin ƙasarmu Nijeriya ta sa hannu a gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu tun da wuri. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin shugabannin da suka tsaya a taron ƙasashe rainon Ingila na 1961 har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar saboda aƙidarta ta wariyar launin fata. Daga 1976 ma'aikatan gwamnatin Nijeriya suka riƙa ba da wani kaso na albashinsu gudummawa ga wannan gwagwarmaya. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Maitama Sule, kuwa ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wannan zalunci.

Amma abin da ya fi cancantar nazarin ma'abota ilimi shi ne halin da Mandela ya nuna bayan fitowarsa daga kurkuku ranar 11 ga Fabrairu 1990. Mutumin da aka tsare shekara 27, aka sa shi fasa dutse a tsibirin Robben har ganinsa ya raunana, aka hana shi halartar jana'izar mahaifiyarsa da ta ɗansa, da mulki ya zo hannunsa a 1994, alhali kuwa yana da ikon ramuwa, sai ya kafa hukumar gaskiya da sulhu ƙarƙashin Desmond Tutu, inda azzalumi zai furta laifinsa a bainar jama'a kafin a duba afuwarsa. A ganina hikimar tana nan, domin afuwar da ba a gina ta kan iƙirari ba rufe gyambo ce kawai.

Mu mutanen ƙasar Gwandu mun gaji misalin wannan. Bayan wafatin Shehu Usmanu a 1817 zukata sun yi sanyi tsakanin ƙanensa Malam Abdullahi da ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a kan khalifanci, har sai da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya kawo ɗauki, baffa ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, daula ta tsira daga rabuwa.

Da irin wannan hali na sulhu ne a 1995 Mandela ya tafi Orania, ƙauyen da farar fata zalla ke zaune, ya sha shayi da matar marigayi Hendrik Verwoerd, wanda ya kafa ginshiƙan wariyar.