Finafinai shida na Christian Petzold da Nina Hoss: labaran matan da gida ya gagara

Daga 2001 zuwa 2014, daraktan finafinai ɗan ƙasar Jamus Christian Petzold ya yi finafinai shida tare da jaruma Nina Hoss. Labaran sun sha bamban, amma kusan kowanne yana bin sawun mace guda wadda ta bar inda aka san ta, ko kuma ta dawo gida ta tarar ba mai gane ta. Takarda, bashi, suna ko fuska su ke yanke mata hukuncin ko za ta zauna ko za ta tashi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karatu a gabashin Sudan. Sansanin Umm Rakuba da ke jihar Gadarif ya karɓi 'yan Habasha a shekarun 1980, aka rufe shi daga baya, sannan aka sake buɗe shi a watan Nuwamba 2020 don masu tserewa yaƙin Tigray. Su ma Hausawan yankin, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san yadda ake tambayar mutum asalinsa a garin da aka haifi kakansa. Bayanin da ke ƙasa ya ƙunshi yadda yawancin labaran suka ƙare.

Su wane ne su?

An haifi Petzold a 1960 a garin Hilden da ke yammacin Jamus, iyayensa kuwa daga gabas suka yi ƙaura. Ya yi karatun fim a Berlin, inda ya haɗu da malaminsa Harun Farocki, wanda suka riƙa rubuta labarai tare har rasuwar Farocki a 2014. An haifi Hoss a Stuttgart a 1975. Mahaifiyarta 'yar wasan daɓe ce, mahaifinta Willi Hoss kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago ne da ke cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar masu rajin kare muhalli.

Sai an san tarihin ƙasar kafin a fahimci labaran sosai. An raba Jamus gida biyu a 1949, aka gina katangar Berlin a 1961, ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1989, ƙasar ta sake haɗewa ranar 3 ga Oktoba 1990. Bayan haɗewar, masana'antu da yawa na gabas sun durƙushe, matasa suka yi ta kwarara yamma neman aiki.

Toter Mann (2001)

Sunan yana nufin mataccen mutum, kuma don talabijin aka shirya shi. Wani lauya mai suna Thomas ya haɗu da Leyla a wurin ninƙaya, ya kamu da sonta. Ba a jima ba ta ɓace, ta kuma tafi da kwamfutarsa. Ashe ba shi take nema ba. Cikin waɗanda yake karewa akwai Blum, mutumin da ya kashe 'yar'uwarta shekaru da suka wuce, wanda yanzu ake shirya shi ya koma cikin jama'a. Leyla ta nemi aiki kusa da shi, ta ja shi a jiki don ta ɗauki fansa. Matsalar da ta tarar ita ce mutumin da ta samu ba dodon da ta daɗe tana gani a ranta ba ne.

Wolfsburg (2003)

Wolfsburg gari ne na kamfanin motoci na Volkswagen, kuma mota ce silar komai a labarin. Philipp, dillalin motoci, yana tuƙi yana faɗa da budurwarsa ta waya, ya kaɗe wani yaro a kan keke, ya gudu. Yaron ya rasu a asibiti. Mahaifiyarsa Laura, mai aiki a babban kanti, ta shiga bin wuraren gyaran mota da na tara kwarababbun motoci tana neman wadda ta kashe mata ɗa. Philipp, wanda abin ya hana shi sukuni, ya fara bibiyarta, ya cece ta lokacin da ta yi yunƙurin hallaka kanta, har soyayya ta shiga tsakaninsu, amma ya kasa faɗa mata gaskiya. Ita da kanta ta gano shi.

Yella (2007)

Yella na zaune a Wittenberge, wani gari a tsohuwar Jamus ta Gabas a bakin kogin Elbe. Ta samu aikin akanta a Hanover, a yamma, tana so ta rabu da mijinta Ben wanda kasuwancinsa ya karye. Ranar tafiya ya roƙe ta ya kai ta tashar jirgin ƙasa. A kan gada ya karkatar da motar suka faɗa kogi. Yella ta fito daga ruwa, ta ɗauki jakarta, ta kama jirgi.

A Hanover aikin ya wargaje tun ranar farko. Sai ta gamu da Philipp, wakilin masu zuba jari, wanda ke ba kamfanoni masu neman agaji kuɗi a kan sharaɗi mai tsauri. Ya ɗauke ta ta riƙa raka shi zaman ciniki, ta kuwa nuna ta fi shi iya karanta takardun kuɗi da kama ƙarya. A hankali ta koyi halin wurin har ta zarce malaminta. Ta matsa wa wani mai kamfani lamba don ya ba da kuɗi, mutumin ya kashe kansa a ruwa. Duk tsawon wannan lokaci tana jin ƙarar ruwa da kukan hankaka a kunnenta. A ƙarshe fim ya koma kan gadar: Yella ba ta tsira ba, gawarta aka tsamo. Rayuwar Hanover duka mafarkin mai mutuwa ce. Wannan rawa ta ba Hoss kyautar jaruma mafi fice a bikin finafinai na Berlin na 2007.

Jerichow (2008)

Thomas tsohon soja ne da aka sallama ba da daraja ba bayan aiki a Afganistan. Ya dawo gidan mahaifiyarsa da ta rasu, ba aiki, ba ko sisi. Ya taimaki Ali, Baturke ɗan Jamus mai shagunan abinci 45 a yankin, wanda aka ƙwace wa lasisin tuƙi saboda shan giya. Ali ya ɗauke shi direba. Matar Ali, Laura, ta aure shi ne bayan ya ɗauke mata bashi mai nauyi, kuma yarjejeniyar aurensu ta ce idan ta fita, bashin zai dawo kanta.

Thomas da Laura suka fara soyayya a ɓoye, suka shirya kashe Ali a gaɓar tekun Baltik. A wurin ne Ali ya shaida mata cewa ciwon zuciya ya kusa gamawa da shi, kuma ya tanadar mata abin da za ta rayu da shi. Sannan ya tsinci abin kunna sigari na Thomas a ƙasa, ya fahimci abin da aka ƙulla. Ya shiga mota ya tuƙa ta ya faɗa daga kan dutsen da kansa.

An ɗauko ƙashin labarin daga littafin James M. Cain na 1934, The Postman Always Rings Twice, amma Petzold ya mayar da nauyinsa kan mijin. Ali yana dukan matarsa, yana zargin kowa da sata, ba a wanke shi ba. Duk da haka shi ne ya zo Jamus tun yana ƙarami, ya tara dukiya, ya ba mutane aiki, kuma har ya mutu bai ji ƙasar ta karɓe shi ba.

Barbara (2012)

Shekarar 1980 ce, a Jamus ta Gabas. Barbara likita ce a babban asibitin Charité na Berlin. Laifinta ɗaya, ta nemi izinin barin ƙasar. Aka tsare ta, sannan aka tura ta wani ƙaramin asibiti kusa da tekun Baltik. 'Yan sandan ciki na Stasi na bincike ɗakinta da jikinta duk lokacin da suka ga dama. Shugabanta a asibiti, André, yana kyautata mata, amma ta san yana kai rahotonta.

Saurayinta Jörg, ɗan Jamus ta Yamma, ya aiko mata kuɗi ya shirya a tsallakar da ita ta teku zuwa Danmak da dare. Kafin ranar, an kawo wata yarinya, Stella, daga gidan horon matasa na Torgau. Ana cewa ƙaryar ciwo take yi, Barbara ta gano sanƙarau ne, kuma yarinyar na da ciki. Akwai kuma wani saurayi, Mario, da ke bukatar tiyatar kai a daidai lokacin tafiyar. A daren, Stella ta tsere ta zo ƙofarta. Wuri ɗaya ne kawai a jirgin ruwan. Barbara ta ba Stella wurin tare da kuɗin, ta koma asibiti ta zauna a gefen gadon Mario, André na fuskantarta. Petzold ya samu kyautar darakta mafi fice a bikin Berlin na 2012.

Phoenix (2014)

Berlin ce a 1945, gari ya zama kufai. Nelly Lenz, mawaƙiya Bayahudiya, ta tsira daga sansanin Auschwitz da raunin harsashi a fuska. Ƙawarta Lene ta kai ta aka yi mata tiyata. Nelly ta roƙi likita ya mayar mata da fuskarta ta dā, sai dai kama kawai aka samu. Danginta duk sun hallaka, ita ce magajiya. Lene na so su tafi Falasɗinu, ita kuwa mijinta Johnny take nema, duk da gargaɗin cewa shi ake zargi da tona inda ta ɓuya.

Ta same shi yana aikin ƙarfi a wani gidan rawa mai suna Phoenix. Bai gane ta ba. Ya ce dai tana kama da matarsa da ta mutu, ya nemi ta yi shigar matar don su karɓi gadon su raba. Ta yarda. Ya shiga koya mata tafiyarta da rubutun hannunta da kwalliyarta, ita kuma tana jiran ranar da zai ɗago ido ya gane. Ba ya tambayarta abin da ya faru a sansani, yana mai cewa ba wanda zai tambaya. Lene ta kashe kanta, ta bar mata takardar da ke nuna Johnny ya sake ta a lokacin da aka kama ta. Bayan an shirya dawowar ƙarya a tashar jirgi, Nelly ta nemi ya kaɗa mata piyano a gaban tsofaffin abokai. Muryarta ta fito, ya hango lambar sansani a hannunta, yatsunsa suka tsaya. Ta ƙarasa waƙar ita kaɗai ta fita. Labarin ya samo asali daga littafin Bafaranshe Hubert Monteilhet, Le Retour des cendres, na 1961.

Abin da ya haɗa su

A finafinan, tsallake iyaka ba ya kawo ƙarshen wahala. Yella ta isa yamma ta rasa kanta, Ali ya yi arziki bai samu ƙasa ba, Nelly ta dawo gida ta tarar mutanen gida sun fi son a bar maganar. Barbara ce kaɗai ta samu hanyar fita a hannunta, ta kuma zaɓi zama, don akwai wadda ta fi ta bukata da kuma marar lafiya da ke jiranta. Hoss ba ta yawan magana ko kuka a waɗannan rawar. Yadda take tafiya, da yadda take waiwaye idan ta ji ƙarar mota, su ke nuna tsoron mutumin da ake sa wa ido.

Bayan Phoenix, Petzold ya ci gaba da wata jaruma, Paula Beer. Fim ɗinsu na farko, Transit na 2018, an ɗauko shi daga littafin Anna Seghers na 1944 a kan 'yan gudun hijirar da suka maƙale a Marseille suna jiran biza da tikitin jirgin ruwa, amma an ɗauke shi a titunan Marseille na yau. Hoss kuwa ta fito a shirin Amurka Homeland da kuma fim ɗin Tár na 2022. Ga wanda zai fara kallo, Barbara ya fi sauƙin shiga, sai Phoenix. Ana yin su da Jamusanci, kuma an fitar da na baya-bayan nan da fassarar Faransanci da Ingilishi a ƙasan allo.