Tsohuwar Leica M9 ko Sony a7 III: wacce za a saya wa mai ɗaukar hoto a Mubi?

Duk mazaunin Kudu ya san irin wannan saƙon. Ƙani ko ɗan ɗan'uwa ya koyi ɗaukar hoto a gida, sai ya bugo waya: "Yaya, in ka shiga Computer Village ko Alaba, don Allah a duba min kyamara." Ga 'yan uwanmu mutanen Mubi da ke harkar shanu da hatsi a Legas, Ibadan, Onitsha ko Fatakwal, saƙon yakan zo da kuɗin da aka daɗe ana tarawa, wani lokaci ma kuɗin sa guda. In aka yi kuskuren saye, mayar da kaya daga Mubi zuwa Ikeja ba ƙaramin aiki ba ne.

A cikin kyamarorin hannu da ake shigowa da su, akwai kala biyu da kan rikita mai saye, don dukkansu ƙanana ne kuma sun yi kama a ido. Ɗaya ita ce mai awon nisa, wadda masu shago ke kira rangefinder. Ɗayar kuma marar madubi, wato mirrorless. Za mu ɗauki misali ɗaya daga kowane ɓangare: Leica M9 ta Jamus da Sony a7 III ta Japan.

Yadda kowacce take gani

Mai awon nisa tana da ƙananan tagogi biyu a gabanta. In ka leƙa, za ka ga wani ɗan fili a tsakiya inda abin da kake kallo ya rabu biyu. Sai ka murɗa idon kyamarar da hannu har siffofin biyu su hau kan juna, to nan saiti ya yi. Ba ta cikin idon kyamarar kake kallo ba, ta taga ce a gefe, kuma wasu fararen layuka ne ke nuna maka iyakar abin da zai shiga hoton. Leica ta fara wannan jerin na M a 1954 da M3, zamanin fim. Ta dijital ta farko a irin wannan tsari kuwa Epson R-D1 ce a 2004, sai Leica M8 a 2006, sannan M9 a ranar 9 ga Satumban 2009, mai megafiksel 18 da sensa cikakkiya daidai girman fim na milimita 35. Kusan dala 7,000 aka sa mata a lokacin, ba tare da ido ba.

Marar madubi kuma haske na faɗawa ne kai tsaye kan sensa, ita kuma ta nuna maka hoton a ɗan ƙaramin allo cikin tagar leƙawa. Abin da ka gani shi za ka samu. Panasonic ce ta buɗe wannan hanya da Lumix G1 a 2008, Sony ta kawo a7 mai cikakkiyar sensa a 2013, sai a7 III a 2018 kan kusan dala 2,000. Megafiksel 24 gare ta, tana saita kanta, har ƙwayar idon mutum take bi.

A kula, akwai kyamarorin Fujifilm irin su X100 da X-Pro1 masu siffar Leica. Suna da kyau, amma ba masu awon nisa ba ne, kada mai shago ya ƙara kuɗi da wannan sunan.

Aikin da ke jiranta a Mubi

Mai hoto a Mubi da me yake cin abinci? Biki da suna, walimar saukar Alƙur'ani, bikin shigar sababbin ɗalibai da na yaye su a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, taron siyasa, hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Mubi. Kusan duk aiki ne na cunkoso da gaggawa, rabinsa kuma da yamma ko da dare. Sannan yau babu amaryar da za ta yarda da hoto kaɗai, sai da bidiyon da za a ɗora a TikTok ko a tura wa dangi ta WhatsApp.

To a nan M9 ta faɗi tun kafin a fara. Ba ta ɗaukar bidiyo kwata-kwata. Leica ba ta sa bidiyo a jerin M ba sai a wadda ta biyo bayanta, M Typ 240, da aka sanar a 2012. Sony kuwa tana ɗaukar 4K. Wajen gani a duhu, ISO ɗin M9 ya tsaya a 2,500, kuma tun kafin a kai nan hoton ya fara yin ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi. Na a7 III yana kaiwa 51,200, ga na'urar da ke rage rawar hannu a cikinta. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar kamu, wannan bambancin shi ne tsakanin a biya ka da a ce ka ɓata wa mutane biki. M9 hoto biyu take ɗauka a daƙiƙa, Sony goma. M9 memori ɗaya take ci, Sony biyu, ta yadda in ɗaya ya lalace hotunan ɗaurin aure na nan a ɗayan.

Ga kuma matsalar da duk mai hoto a Arewa ya sani: farar shadda a tsakar rana da baƙar fuska ƙarƙashin hula. In ka bi fuskar, aikin babbar rigar ya ƙone fari fat. In ka bi rigar, fuskar ta nutse. Sensar Sony ta fi iya riƙe biyun tare, kuma kana ganin sakamakon kafin ka danna. A M9 sai ka ɗauka sannan ka duba a allon baya mai inci biyu da rabi, wanda a rana da ƙyar ake gane komai a kansa.

Ita M8, da ake samu da sauƙin kuɗi, tana da nata ciwon. Sensarta na ɗaukar wani haske da idon mutum ba ya gani, sai baƙin yadi na roba ya fito ruwan shanshanbale. Dole ta sa Leica ta riƙa ba masu saye gilashin tacewa da ake ɗaurawa a gaban ido. Ka ɗauka an tara mata ashirin cikin baƙar abaya a wajen walima, kai kuma babu wannan gilashin.

Me ya sa har yanzu ake son ta?

Gaskiya tana da abin so. Sensar M9 irin ta da ce, CCD, ƙirar Kodak, kuma masoyanta na rantsuwa cewa kalar da take bayarwa da safe ko da la'asar sakaliya babu irinta. Wanda zai fita ɗaukar duwatsun Mandara, ko makiyaya a bakin kogin Yedzaram, ko dillalai a kasuwar shanu, yana da lokacin da zai tsaya ya saita a nutse, zai ji daɗinta. Ba ta tsorata mutane, don kamar tsohuwar kyamarar kakanni take. Kuma tunda tagarta na nuna abin da ke wajen layin hoto, kana ganin doki tun kafin ya shigo. Sai dai layukan nata daga milimita 28 zuwa 135 suka tsaya, ba a jawo abu daga nesa da ita, kuma ba ta saita abin da ya fi santimita 70 kusa. Lallen hannun amarya ko zobe, sai dai a haƙura.

Inda kuɗi ke salwanta

Wannan shi ne abin da ya fi kamata mai saye ya riƙe. Gilashin da ke rufe sensar M9 yana cin kansa, musamman inda akwai laima. Leica ta amince da matsalar a 2014, ta yi shekaru tana canja wa mutane sensa, daga 2015 kuma da sabon gilashi da ba ya yin haka. A 2020 ta sanar cewa ta daina, don an bar ƙera sensar. Ma'ana, M9 da ba a canja mata ba, wadda kuma ta yi damina biyu a cikin kwabar shago a Legas, caca ce. Akwai masu gyara a Amurka da ke canja gilashin, amma ka lissafa kuɗin aikawa da na dawowa da dala.

Gwajin ba wuya. A ƙuntata ƙofar ido zuwa f/16, a ɗauki sararin sama ko farin bango, a buɗe hoton a kwamfuta a faɗaɗa. Ƙura takan fito baƙi-baƙi kuma tana gogewa. Tsatsar sensa kuwa fararen ɗigo ne masu zobe kewaye da su, ba ta fita, ƙaruwa ma take yi. In mai shago ya ce an canja sensa, a nemi takardar Leica. In babu takarda, a ɗauka ba a canja ba.

Abu na biyu, awon nisan nan ƙarfe ne da gilasai da aka daidaita da hannu, bugu kaɗan na iya karkatar da shi. Kyamarar da za ta shiga mota daga Legas zuwa Yola, ta bi ta Girei, Song, Gombi da Hong kafin ta iso Mubi, tana iya sauka lafiya a ido amma duk hotonta ya fito dishi-dishi. Mai daidaita wannan ba a kowane gari ake samunsa ba, babban wurin gyaran ma yana Wetzlar a Jamus. Marar madubi daga kan sensa take saiti, babu abin da zai karkace.

Ba wai Sony ba ta da aibi ba. Da ka cire ido, sensarta tsirara take, alhali a M9 labulen ɗaukar hoto na rufe ta. A lokacin hunturu, ƙurar Mubi ba ta wasa, don haka a canja ido a cikin ɗaki ko mota, fuskar kyamarar na kallon ƙasa, a kuma haɗa da ɗan famfon hura iska. Tana cin batir tunda allonta kullum a kunne yake, ko da yake batir ɗinta NP-FZ100 an ƙiyasta masa hoto 610 ta taga, 710 ta allon baya. Daɗin abin, ana cajinta ta USB, fawa banki ma ya isa. Batirin M9 nata ne da 'yan uwanta irin su M8 kaɗai, kuma na asali yanzu ya tsufa.

Abin mamaki, a kasuwar hannu M9 mai lafiyayyar sensa takan fi a7 III tsada, don masu tara kayan tarihi ne ke bin ta. Wanda zai ci abinci da kyamara a Mubi, marar madubi zai saya, ko Sony ɗin nan ko takwarorinta Canon EOS R da Nikon Z6, su ma 'yan 2018. Ragowar kuɗin a sa a ido mai buɗewa sosai kamar milimita 50 f/1.8, batir na biyu, filasha da memori na gaske.

In kuma aka ci karo da M9 mai ruɓaɓɓiyar sensa amma da idonta na Leica a jiki, kada a yi saurin wucewa. Idon ba ya tsufa kamar jikin, kuma da ɗan adafta mai araha yana hawa kan Sony, a saita shi da hannu. Waɗanda suka kama daga milimita 50 zuwa sama sun fi zama lafiya. Masu faɗi sosai sukan ɓata gefen hoto, don haka a gwada a shago kafin a biya.