Jihar Kano: Tsakanin Gidan Gwamnati, Fada da Kannywood

An ƙirƙiri Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, a zamanin Yakubu Gowon, Audu Bako ne gwamnanta na farko. Sai dai siyasar da ta ba jihar kamanninta ta girmi jihar kanta, domin tun 1950 aka kafa NEPU a birnin, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta wajen ƙalubalantar mulkin sarakuna da En'e a kan talakawa.

Magajiyarta, PRP, ita ta ci zaɓen 1979. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, matakin da ya raba hakimai da dagatai da babban makaminsu. A 1981 gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli gari ya rikice, aka ƙona Rediyon Kano da wasu gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, gwamnatin Rimi ce ta kafa gidan talabijin na CTV, wanda yanzu ake kira ARTV. Wasannin kwaikwayon da aka riƙa nunawa a can da kuma NTA su suka share fagen fina-finan bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, daga nan sana'ar da aka laƙaba wa suna Kannywood ta kankama.

Hukuma ba ta daɗe tana kallo daga nesa ba. Bayan ƙaddamar da shari'a, an kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka kuma ɗaure Adam A. Zango.

A 2019 rigingimun biyu suka haɗu. Gwamna Abdullahi Ganduje ya raba masarautar gida biyar, hukumar tacewa kuma ta sa aka kama Naziru Ahmad, Sarkin Waƙar Sarki Muhammadu Sanusi II, bisa zargin sakin waƙoƙi ba tare da izini ba. An tuɓe Sanusi ranar 9 ga Maris, 2020, kamar yadda kakansa ya rasa gadon a 1963. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da shi a watan Mayun 2024, Aminu Ado Bayero bai amince ba, magana ta koma kotu.