Daga Yatsan Likita Zuwa Madubi: Tarihin Gano Iyakar Ƙari

Duk wanda ya taɓa kallon wanzami a Kafin Hausa yana tsaga maruru ya san dogaronsa biyu ne, ido da yatsa. To, likitocin fiɗa na Turai ma haka suke har ƙarshen ƙarni na 19. Damuwarsu guda ce: ina sankara ta tsaya, ina lafiyayyar tsoka ta soma? In an rage, ciwo ya dawo. In an zarce, a illata mutum.

Dabarar farko ita ce a yanki ɗan nama a kai wa masu duba shi da madubin likita, amsa kuwa sai bayan kwanaki, an riga an ɗinke majinyaci. A 1905 Dokta Louis Wilson na asibitin Mayo a Amurka ya daskarar da naman, ya fere shi siriri, ya rina, ya ba da amsa cikin mintoci, majinyaci na kwance. An ce da sanyin hunturun bakin taga ya fara gwaji. A ganina nan ne babban juyi, domin duk abin da ya biyo baya rage jira ne.

Madubin kansa ya shiga ɗakin tiyata a 1921, lokacin da Carl Nylén ya yi aikin kunne da shi a Suwidin. Amma girman abu kawai yake ƙarawa, ba ya rarrabe ƙwayoyin tsoka. Sai a 1957 Marvin Minsky ya ƙago wani mai tattara haske a ɗigo guda. Aikinsa ya daɗe a ajiye kafin zuwan hasken leza. A 2004 Ralf Kiesslich da abokansa a Mainz ta Jamus suka duba ƙwayoyin hanjin mutum da irinsa, yana raye, ba a yanko komai ba. A 2006 kuma Walter Stummer ya nuna amfanin wani magani da ake sha kafin aiki, ƙarin ƙwaƙwalwa ya riƙa ƙyallin ja a ƙarƙashin shuɗin haske. An kwashe ƙari kaf a kashi 65 cikin 100 na waɗanda suka sha, sauran kuwa kashi 36.

A galibin asibitocinmu har yanzu kwalba ce. A jefa naman cikin ruwan magani, a miƙa wa ɗan'uwan majinyaci ya kai ɗakin gwaji a birni, sannan a zauna jiran takarda.