Malam Aminu Kano (1920–1983)

An haifi Malam Aminu, Allah Ya jiƙansa, ranar 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Gidansu na Fulani Gyanawa ne, zuri'ar da ta shahara da alƙalanci da sanin fiƙihun Malikiyya. Mahaifinsa, Malam Yusufu, ma'aikaci ne a kotun alƙali, mahaifiyarsa Rakiya kuwa a hannunta ya fara karatun Alƙur'ani. Jama'a da yawa sun san shi da siyasa kawai, alhali kuwa daga wannan gida siyasar tasa ta samo hujjojinta.

Ya yi boko a Shahuci da Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, sannan a 1942 aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi. A can ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi mai kaifin harshe, suka riƙa zaman tattauna halin da ƙasa ke ciki. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa. Bayan ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma mayar da shi Maru a lardin Sakkwato. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati.

Domin a gane gwagwarmayarsa sai an gane irin mulkin da ya tarar. Tun da Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba su tuɓe sarauta ba. Sun bar sarki da hakimi da alƙali da dogari a wurarensu, Razdan na bayan fage yana juya akala. Mutanen Garwa da Marwa da Ngaundere sun ga kwatankwacin haka, domin Faransa ma ta hannun lamidai ta mulki arewacin Kamaru. Talaka bai cika ganin Bature ba. Wanda yake gani shi ne mai karɓar haraji da jangali, da mai kama shi aikin tilas. Saboda haka duk wanda ya taɓa mulkin mallaka a Arewa, dole ya taɓa En'e, kuma nan take a ce ya fita daga ɗa'ar shugabanni.

Wannan tuhuma ce aka jefi jam'iyyar NEPU da ita, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu ya zama shugabanta a 1953. Amsar da ya bayar ta malamai ce. Ya koma ga littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi, ya ce jihadin 1804 an yi shi ne don kawar da zalunci, ba don wasu gidaje su gaji wuyan talakawa ba. Mai son tabbatarwa ya duba Kitabul Farƙi na Shehu, zai tarar an ambaci jangali a cikin abubuwan da aka aibata sarakunan da suka gabata da su. Hujjar tana da ƙarfi, shi ya sa aka fi mayar masa da martani da bulala. An ɗaure magoya bayansa, an yi wa wasu dukan wulaƙanci, wasu sun bar garuruwansu. Abin da ya fi ciwo shi ne a kotunan alƙalai aka riƙa yanke da yawa daga waɗannan hukunce-hukunce, da sunan shari'a.

Gyaran da ya kawo ta fuskar ilmi bai kai siyasarsa suna ba, amma ya fi ta daɗewa. Yana cikin waɗanda suka fara buɗe makarantun Islamiyya a Kano, inda ake zama aji-aji, a koyi Larabci da ma'anar abin da ake karantawa. Ya nace kan karatun 'ya'ya mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai a shekarun 1970. Ya kuma riƙa yin tafsiri da Hausa a watan azumi. Akwai malaman zamaninsa da suka ga ya cika kai ayoyi fagen siyasa, kuma saɓani ne da ɗalibi zai iya nazarinsa ba tare da zagin kowa ba.

Nijeriya ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960, wata tara bayan Kamaru, amma NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. Ya shiga majalisar wakilai a 1959, ya riƙe ma'aikatar sadarwa sannan ta lafiya a zamanin Janar Gowon. A 1979 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP bai ci ba, sai dai jam'iyyar ta ci jihohin Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ba a jima ba jam'iyyar ta rabe gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 a gidansa na Gwammaja, a nan aka binne shi. Gidan, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa da kwalejin nazarin shari'ar Musulunci duk sunansa suke ɗauke da shi. Allah Ya gafarta masa.